Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Tarihin Rukuni na Ɗaya na Jiragen Leƙen Asirin Amurka



Kwamitin ilimi na ƙungiyarmu ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan wani yanki na tarihin yaƙin sama. To shi tarihi kogi ne, ba a shanye shi a zama guda. Saboda haka na zaɓi rukuni guda ɗaya tak na sojan saman Amurka, wanda ya girmi duk sauran rukunonin jiragensu, watau Rukuni na Ɗaya na Jiragen Leƙen Asiri. Abin da nake nufi da rukuni shi ne abin da sojoji ke kira sukwadiron: 'yan jirage ƙalilan da matuƙansu da makanikansu, a ƙarƙashin kwamanda guda. Aikin wannan rukuni shi ne ya je ya gano inda abokan gaba suke, ya dawo ya faɗa. Za mu bi shi tun daga jirgin katako da ƙyalle har zuwa jirgin da ya ninka gudun sauti sau 3, mu ga abin da ido daga sama yake iya yi, da kuma inda ƙarfinsa ya ƙare.

Mafari

An kafa rukunin ran 5 ga watan Maris 1913 a wani gari mai suna Teksas Siti, a bakin teku. A lokacin shekara 10 ba ta ma cika ba da 'yan uwan nan biyu, su Wright, suka fara tashi da jirgin sama a 1903. Dalilin kafa shi kuwa rikicin Meksiko ne, maƙwabciyar Amurka ta kudu, inda Janar Huerta ya yi juyin mulki a watan Fabrairu na wannan shekara. Amurka ta tara soja a Teksas don ko-ta-kwana, aka haɗa musu da jirage 9. Babu wani abu wai shi rundunar sojan sama a wancan zamani. Jiragen suna ƙarƙashin sashen sadarwa ne na sojan ƙasa, tare da masu tangaraho da masu ɗaga tuta. Kun ga ke nan tun asali ba a ɗauki jirgi a matsayin makami ba, ɗan aike ne kuma ɗan kallo.

Farautar Pancho Villa

Ran 9 ga Maris 1916, wani madugun 'yan tawayen Meksiko, Pancho Villa, ya ƙetaro iyaka da mahayansa kafin asuba, ya faɗa wa garin Kolambus na Jihar Sabuwar Meksiko. Aka kashe Amurkawa 18, aka ƙone wani sashe na garin. Shugaba Woodrow Wilson ya umarci Janar John Pershing ya shiga Meksiko da dubban soja ya kamo shi. Ran 15 ga wata rukuninmu ya iso Kolambus da jirage 8 ƙirar Curtiss JN-3, a ƙarƙashin Kyaftin Benjamin Foulois. Wannan shi ne karon farko da Amurka ta kai rukunin jirage bakin daga.

To jama'a, ku saurari yadda aka kwashe. Ran 19 ga Maris da yamma aka ce su tashi zuwa Casas Grandes, can cikin Meksiko. Rana ta faɗi suna sama, ga shi yawancinsu ba su taɓa tuƙi da dare ba. Jirgi ɗaya ya juya gida saboda inji, 4 suka sauka a hanya, 3 suka ɓace cikin duhu. Ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi ya ragargaje, matuƙin ya tsira da ransa ya taka da ƙafa. Wannan fa tun ba a haɗu da ko mutum ɗaya na Villa ba.

Matsalar ba ta tsaya nan ba. Injin jirgin ƙarfin doki 90 ne kacal, duwatsun Sierra Madre kuwa sun haura ƙafa 10,000. Jirgin ya yi ta yunƙuri, ya kasa haye su. Guguwa da ƙura suna wurgi da shi kamar kara. Farfelarsa ta katako ce da aka manna da gam, zafi da bushewar hamada suka riƙa ɓamɓare ta. Ran 7 ga Afrilu, Foulois ya kai saƙo birnin Chihuahua, 'yan sanda suka kama shi suka kulle na ɗan lokaci, mutanen gari kuma suka kewaye jiragen suna huda fukafukan da wutar taba, suna yanka ƙyallen da wuƙa. Kafin 20 ga Afrilu jirage 2 suka rage cikin 8, su ma da aka mai da su Kolambus aka ce ba su sake tashi.

Shi Villa fa? An harbe shi a ƙafa a ƙarshen Maris, mutanensa suka ɓoye shi cikin wani kogon dutse, ya yi makonni a ciki. Babu jirgin da ya gan shi. Mutanen karkara da suka san inda yake suka ja bakinsu suka tsuke. A watan Fabrairu 1917 Pershing ya janye sojansa hannu rabbana. Babban amfanin da jiragen suka yi shi ne kai takardu tsakanin ayarin sojoji, da ɗaukar hotunan ƙasa don zana taswira.

Amma akwai abu guda da ya kamata a yaba wa Foulois. Bai ɓoye wa manyansa gaskiya ba. Tun cikin makon farko ya rubuta ya ce jiragen nan ba za su iya aikin ba, a kawo masu ƙarfi. Labarin ya fita jaridu, abin ya zame wa gwamnati abin kunya. A watan Agusta 1916 majalisar dokoki ta ware fiye da dala miliyan 13 don jiragen soja, kuɗin da ba a taɓa ware irinsa ba a wannan fanni. Ashe rahoton da ya fi amfani da rukunin ya kawo daga Meksiko, rahoto ne a kan kasawar kansa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya

Amurka ta shiga yaƙi da Jamus ran 6 ga Afrilu 1917. A watan Satumba rukunin ya sauka Faransa a ƙarƙashin Manjo Ralph Royce, shi ne rukunin jiragen Amurka na farko da ya isa can. Sun je ba su da jirgin da zai iya karawa da na Jamus, sai Faransawa suka ba su nasu, daga baya suka zauna a kan wani mai suna Salmson. Mutum 2 ke shiga: matuƙi a gaba, ɗan kallo a baya riƙe da kyamara da bindiga.

Aikinsu iri uku ne. Na farko, su ɗauki hoton ramukan da Jamusawa suka haƙa. Na biyu, su tsaya sama suna kallon inda harsashin igwa ke faɗuwa, suna buga wa masu igwa waya su ƙara gaba ko su rage. Na uku, wanda ya fi haɗari, su sauko ƙasa-ƙasa su gano inda sojansu na ƙasa suka kai, don kada igwarsu ta faɗa wa nasu. Kun ga a nan idan ɗan kallo ya yi kuskure, ko ya faɗi abin da bai gani ba, 'yan uwansa ne za su mutu. Sun yi wannan aiki a 1918 a fagagen Chateau-Thierry da Saint-Mihiel da Meuse-Argonne. Wani hafsansu, Laftana Stephen Thompson, shi ne sojan Amurka na farko da ya harbo jirgin abokan gaba, ran 5 ga Fabrairu 1918, lokacin da ya bi wani jirgin Faransa a matsayin mai riƙe bindiga.

Bayan yaƙi suka yi wa kansu tambari: wani mutumin zamanin da, mazaunin kogo, yana tsaye bisa tudu da mashi a hannu ɗaya, ɗaya hannun ya kare ido da shi yana hange. An kewaye shi da alamomi 13, adadin jiragen Jamus da suka kakkaɓo. Watau dai suna cewa sana'arsu ta girmi jirgin sama, tun ran da aka fara tura mutum ya hau tudu ya dubo aka fara ta.

Lokacin da aka mai da ido ya zama hannu

Ba kullum rukunin yake aikin kallo ba, kuma bai kamata a tsallake wannan babi ba. A 1935 aka mai da shi rukunin jefa bom. Ya yi gadin mashigin ruwan Panama da tsibirin Tirinidad a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, yana sintirin neman jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus. A farkon 1945 aka kai shi tsibirin Tinian a tekun Fasifik da manyan jirage ƙirar B-29. Ya zuba nakiyoyi a mashigan ruwan Japan, kuma yana cikin waɗanda suka je Tokiyo a daren 9 ga Maris 1945, inda aka yi wa birnin ruwan bom mai ƙonewa. Kimanin mutum 100,000 suka hallaka a dare guda, akasarinsu farar hula. Bayan yaƙi ya koma aikin hoto na ɗan lokaci, kana aka sake mai da shi ga bom, ya riƙe jiragen B-47 masu ɗaukar makaman nukiliya har zuwa 1966. Na kawo wannan ne don mu gane cewa soja ba don sha'awa suke hange ba. Hoton da ɗan kallo ya ɗauko yau, da shi ake zaɓen inda bom zai sauka gobe.

Baƙin Tsuntsu

A watan Yuni 1966 aka mai da rukunin sansanin Beale a Jihar Kalifoniya, aka danƙa masa jirgin SR-71, wanda ake yi wa laƙabi da Baƙin Tsuntsu. Kamfanin Lockheed ne ya ƙera shi a ƙarƙashin injiniya Kelly Johnson. Wannan jirgi ba ya ɗauke da ko bindiga ɗaya. Gudu da nisa su ne garkuwarsa. Ran 28 ga Yuli 1976 ya yi gudun kilomita 3,529 a awa guda, wani kuma ya miƙe a tsayin ƙafa 85,069. Don ku gane abin da ake nufi, da wannan gudu tafiyar Ikko zuwa Kano ba za ta kai minti 15 ba. Ran 1 ga Satumba 1974 Manjo James Sullivan da abokin aikinsa Noel Widdifield suka ratsa daga Niyu Yok zuwa Landan cikin awa 1 da minti 54.

Gudun nan yana da tsada. Gogayya da iska takan sa wasu sassan jikinsa su haura digiri 300 na zafi, shi ya sa aka ƙera shi da wani ƙarfe mai suna titaniyam. Abin dariya, yawancin ƙarfen daga Tarayyar Sobiyet aka sayo shi a ɓoye ta hannun kamfanonin bogi, alhali ita ce babbar abokiyar gabar da aka ƙera jirgin dominta. Da yake ƙarfe yana buɗewa idan ya ji wuta, sai aka bar 'yar rata a mahaɗansa. Saboda haka idan yana ajiye a ƙasa mai ne ke ɗiga daga jikinsa kamar tsohuwar tanka, sai ya hau sama ya yi zafi sannan ya haɗe. Mutum 2 ke ciki, sanye da kaya irin na 'yan sama jannati. A awa guda na'urorinsa suna iya ɗaukar hoton ƙasa mai faɗin murabba'in mil 100,000.

Daga watan Maris 1968 jiragen Beale suka fara tashi daga tsibirin Okinawa suna shawagi bisa Biyetnam ta Arewa. An sha harba musu rokoki. Abin da matuƙi yake yi shi ne ya ƙara wuta, rokar ta biyo baya ta gaji. An ƙera guda 32, 12 suka salwanta ta hanyar haɗari, amma ko ɗaya abokan gaba ba su harbo ba.

A watan Oktoba 1973, lokacin yaƙin Masar da Siriya da Isra'ila, Amurka ta so ta ga da idonta inda kowace runduna ta tsaya, domin kowane ɓangare yana ba da labarin da ya yi masa daɗi. Ingila ta hana a yi amfani da filinta. Sai jirgin ya tashi daga Jihar Niyu Yok ran 13 ga wata, ya sha mai a sama sau da dama, ya ratsa bisa mashigin Suwez, ya koma gida bayan fiye da awa 11. A nan kam an ga amfanin karin maganar nan da ke cewa gani ya kori ji.

To amma ku dubi 1986. Ran 15 ga Afrilu Amurka ta kai wa Libiya hari, aka tura Baƙin Tsuntsu daga Ingila ya ɗauko hoton ɓarnar da aka yi. Ya je ya tarar gajimare ya lulluɓe Tarabulus, dole sai da aka sake komawa. Jirgin da roka ta kasa kamawa, ga shi gajimare ya rufe masa ido.

A 1990 aka ajiye SR-71 saboda tsadar riƙonsa, da kuma dogaro da aka koma yi ga taurarin ɗan adam. An ɗan farfaɗo da 'yan kaɗan a 1995, ba a jima ba aka sake ajiye su.

Rukuni ya zama makaranta

Daga 1990 aka ba rukunin aikin horar da matuƙan jirgin U-2. Shi wannan tsoho ne, tun 1955 ya fara tashi. Shi ne irin wanda Sobiyet ta harbo ran 1 ga Mayu 1960 ta kama matuƙinsa Gary Powers, kuma irinsa ne ya ɗauko hoton rokokin Sobiyet a Kyuba ran 14 ga Oktoba 1962, ko da yake waɗannan biyu ba aikin rukuninmu ba ne. Yana hawa ƙafa 70,000. Kafin matuƙi ya tashi sai ya yi awa guda yana shaƙar tsantsar iskar oksijin, abincinsa kuma a cikin bututu yake kamar man goge baki.

Wajen sauka ake ganin abin mamaki. Ƙafafunsa a jere suke kamar na keke, fukafukansa dogaye, matuƙi kuma ba ya ganin ƙasa sosai saboda hular da ke kansa. Saboda haka wani matuƙi yakan bi shi a baya cikin mota a guje, yana gaya masa ta rediyo saura ƙafa nawa ya taɓa ƙasa. Ku duba fa, mutumin da ya gama hango rabin ƙasa daga sama, bai iya sauka lafiya sai na ƙasa ya yi masa jagora. A watan Fabrairu 2023, da wani balan-balan na ƙasar Sin ya ratsa samaniyar Amurka, matuƙin U-2 ne ya hau bisansa ya ɗauki hotonsa kafin a harbo shi ran 4 ga wata.

Inda abin ya shafe mu

Lokacin da rukunin ya cika shekara 100 a 2013, har da matuƙan jirgin Global Hawk yake koyarwa, watau jirgi marar matuƙi a ciki, wanda ake sarrafawa daga ƙasa, mai iya yin fiye da awa 30 a sama bai sauka ba. Shekara guda bayan haka irin wannan jirgi ya zo samaniyar ƙasarmu. Ran 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a Jihar Borno, 57 suka kuɓuta da kansu tun da wuri. A watan Mayu Amurka ta turo jiragen leƙen asiri, har da Global Hawk, ta kuma kai soja 80 Chadi don aikin nema. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa tun da Amurka ta sa ido, magana ta ƙare, kwana kaɗan za a dawo da yaran.

Ba haka ta kasance ba. Dajin Sambisa yana da faɗi da duhuwa. Hoto daga sama yana nuna mutane a gindin bishiya, amma ba ya faɗin su wane ne, ba ya faɗin abin da za su yi gobe, kuma ko an gani, sai an sami mai zuwa ya ɗauko ba tare da an kashe waɗanda aka je ceto ba. 'Yan mata 21 da aka sako a watan Oktoba 2016, da 82 da aka sako a watan Mayu 2017, ta hanyar sulhu da tattaunawa suka dawo. A 2024, shekara 10 bayan sacewar, fiye da 80 ba su koma gida ba. Tsakanin kogon Villa da dajin Sambisa shekara 98 ne. Jirgi ya tashi daga ƙarfin doki 90 zuwa na'urar da ke kwana a sama, amma wanda ya san dajinsa, kuma mutanen wurin suka yi shiru a kansa don so ko don tsoro, har yanzu yana iya ɓuya.

Kammalawa

Jama'a, abin da na tsinta cikin tarihin wannan rukuni ke nan. Ido daga sama ya ceci rayuka a ramukan Faransa, ya raba gardama a 1973, kuma da shi ne aka share wa bom hanya. Darajarsa tana ga gaskiyar mai kawo rahoto, kamar yadda Foulois ya nuna a 1916, iyakarsa kuma tana inda gajimare da kogo da duhuwar daji suka fara. Saboda haka duk ran da muka ji a rediyo an ce gwamnati ta sayo jiragen leƙen asiri don maganin 'yan bindiga, mu yi murna, sannan mu yi tambaya. Wa zai karanta hoton? Cikin awa nawa labari zai isa ga wanda zai yi aiki da shi? Mutanen ƙauyen da abin ya shafa sun amince su yi magana? Magabata sun riga sun gama maganar da suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.

 Mai tambaya ko ƙarin bayani, fili nasa ne. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.